Ranar da Na Duba Motar Haruna

Ni dai birnin Jidda nake ɗora wa laifi. Wankin mota na yi a wani gareji can, amma da na dawo Gadarif, garinmu a Sudan, sai mutane suka hau ce min Bashmuhandis, wato babban injiniya, ni kuwa ban taɓa musa musu ba.

Lokacin yankan riɗi ne. Taubashina Haruna zai kai wa ma'aikatansa ruwa a gonarsa da ke yankin Simsim, sai sabuwar motarsa ta kunna 'yar fitila, injin yana kakkarwa. Ya ce bari ya kai wa makanikai masu duba mota da kwamfuta.

Na ce, "Ya zol, haba mutumina, ina raye? Buɗe mata baki!"

Na leƙa, na gyara hula, na ce ai wayar bawul ɗin hayaƙi ce ba ta kawo wuta. A bakin wani makaniki ɗan Filifin na taɓa jin haka. Na zare wayar, na goga ta jikin ƙarfe yadda muke yi wa tsofaffin motocin lori. Tartsatsi ya tashi, fat!

Na ce, "Ka gani? Akwai wuta!"

Haruna ya shinshina, ya ce, "Akwai kam. Ga ƙaurinta ma."

Ashe ƙwaƙwalwar motar na ƙone. Da tana kakkarwa, yanzu ko tari ba ta yi. Ma'aikata suka wuni da ƙishirwa, sai bayan la'asar ruwan ya isa a tarakta.

Har yau in na yi sallama gidansa, matarsa kan ɗaga murya: "Yara, ku ɓoye rediyon, kawunku Bashmuhandis ya zo!"