Ranar da Na Yi Musu da Malam Hadi a Kan Motarsa

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ko na so in manta 'yan gidanmu ba za su bari ba, da ranar da na tsaya a ƙofar gidan wani dattijo a Hunkuyi ina rantse masa cewa motarsa ta fi yadda yake faɗa kyau. Ku lura, mu ne masu saye. Shi ne mai sayarwa.

Innarmu ce ba ta da lafiya, ciwon ƙafa ya sa ta gaba, likita ya ce duk wata sai an kai ta asibiti Zariya. Daga ƙauyenmu a Saulawa zuwa bakin kwalta kuwa, in damina ta sauka, ƙaramar mota ba ta ko gwada shiga. A babur muke fito da ita. Wata rana muka dawo, na ga tana share hawaye da gefen mayafi don kada mu gani. Yayana Bala ma ya gani. Da kaka ta yi ya sayar da masararsa, ya haɗa da abin da ya daɗe yana tarawa, ya ce jif zai saya ta hannu. Kowa ya san in aka yi kuskure a wannan sayen, babu na biyu.

Ni kuwa ma'aikacin ofis ne a Ikara, ban taɓa mallakar abin hawa mai ƙafa huɗu ba. Amma ina da waya, ina da data, ina kuma da baki. Na duƙufa kallon masu bayanin motoci har na gano wani abu mai amfani: a motar hannu, shekarar ƙira ta fi fenti muhimmanci. Irin jif ɗin da Yaya yake so, 'yan shekarun farko giyarsu na ɗaukar zafi a doguwar tafiya ta ƙi shiga. Daga baya aka gyara matsalar, aka kuma canza mata fitilu, daga manya masu faɗi zuwa wasu sirara kamar idon mage. Wannan karatun na yi ta rabawa kyauta a majalisa, da wanda ya tambaya da wanda bai tambaya ba, har aka laƙaba mini Injiniya. (Na ɗauka girmamawa ce. Allah Sarki.)

Da wani dillali mai suna Ɗanjuma ya kira ya ce akwai irinta a Hunkuyi, Yaya ya ce in raka shi. A hanya ya yi mini huɗuba.

"Ka dai san yadda ake yi. Ni shiru zan yi, kai aikinka kushe. Ko tayar sabuwa ce, ka ce ta suɗe."

"Haba Yaya," na ce, "bar ni da su."

Mun tarar mai motar, Malam Hadi, yana cikin zaure yana ba magidanta karatu, aka ce mu ɗan jira. Motar na fake ƙarƙashin darbejiya, ruwan toka, an wanke ta tas. Ina ɗaga ido na ga fitilun nan sirara. Shi ke nan, kushe ya gudu daga kaina. Na zagaya ta, na shafa bonet, na ce da ƙarfi, "Yaya, wallahi ita ce! Mai kyawun shekarar ce!" Yaya ya taka mini ƙafa, ban ji ba. Ɗanjuma sai murmushi yake, yana gyara hula. Kafin a tashi daga karatu na tara mutane, har da mai rake da ya ajiye baronsa, ina nuna musu yadda ake gane shekarar mota daga nesa.

Malam ya fito, dattijo siriri mai sanyin magana. Muka durƙusa aka gaisa, ya tambayi hanya, ya tambayi iyali, ya tambayi amfanin gona, har ruwan bana a wajenmu sai da ya tambaya. Sannan ya dafa motar ya ce, "To, kafin a shiga ciniki, akwai haƙƙin da zan sauke. Ba ya halatta in sayar muku da abu in ɓoye aibinsa."

Ya fara da ƙanana. Gilashin baya sai an taimaka masa da hannu. Na'urar sanyi tana yi, tana hutawa. Ɗanjuma ya soma tari. Malam bai kula shi ba, ya ci gaba: "Babban kuwa shi ne, fuskar nan ba tata ba ce. Tsohuwar ƙira ce aka sa wa sababbin fitilu da bamba. Giyarta na ba da wahala."

A nan ne ya kamata mai hankali ya yi shiru ya gode wa Allah. Ni sai na ji kamar ni aka kushe a gaban ɗalibaina.

"Allah gafarta Malam," na ce, "ina ganin ba ka san motarka ba."

Yaya ya sunkuyar da kai.

"Ikon Allah," in ji Malam. "To sanar da ni, ɗana."

Na kuwa sanar da shi! Na yi bayanin fitilu, na yi na bamba, na ce duk wanda ya gaya masa tsohuwa ce so yake ya karya masa farashi. Har cewa na yi, "Wannan motar, Malam, ko kai ba ka isa ka ɓata ta ba." (Har yau in na tuna wannan jimlar sai in rufe fuska.) Mai raken nan ya kasa daurewa, ya ce, "Jama'a, yau ga sabon ciniki. Mai saye na yabo, mai kaya na kushe!" Dariya ta ɓarke, har magidantan da ke ƙoƙarin kame baki saboda Malam.

Shi bai yi dariya ba. Ya buɗe bonet, ya nuna mini inda aka yanke ƙarfe aka yi walda don sababbin fitilun su zauna. Ya buɗe ƙofa, ya jawo bel ɗin kujera har ƙarshe, ya ce in duba ɗan ƙyallen da ke ɗinke a gindinsa. Na durƙusa na karanta. Shekarar da na yi wata da watanni ina gargaɗin mutane a kanta ce, ɓaro-ɓaro. Na daɗe a durƙushe, ba don rubutun na da tsawo ba.

Abin da ya yi bayan nan shi ya sa nake ƙaunar mutumin nan. Ya kama hannuna ya tashe ni, ya juya ga jama'a ya ce, "Ku daina dariya. Karatun yaron nan daidai ne, shekarar da ya faɗa ita ce mai kyau. Fuska ce ta ruɗe shi, ni ma ita ta ruɗe ni, da furfurata. Ban gane ba sai da ta tsaya da ni da iyalina a hanyar Kano, cikin rana." Sai ya dubi Yaya. "Wai me za ku yi da ita?"

Yaya ya gaya masa zancen Inna.

"Subhanallahi. Mara lafiya? To ban sayar muku ba. Mai zirga-zirgar cikin gari zai iya lallaɓa ta, ya saya da saninsa. Amma ba za ta tsaya da mahaifiyarku a daji ba, alhali na sani."

Ɗanjuma ya hau babur ɗinsa ko sallama babu. Mu kuwa sai da Malam ya sa aka kawo mana fura, ya yi wa Inna addu'a, ya rako mu har bakin hanya.

Bayan 'yan makonni muka sami wata a Makarfi. Ba ta da kyan gani ko kaɗan, ƙofa ɗaya ma launinta daban. Wannan karon ban ce uffan ba sai da na durƙusa na jawo bel, na leƙa bonet, muka kuma kira bakanike ya zaga da ita har ta yi zafi. Ita ke kai Inna Zariya har gobe, damina da rani, ba ta taɓa kwana a hanya ba. Ranar farko da Inna ta shiga, ta miƙe ƙafarta a kujerar baya, ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Wai wane ne a cikinku ya zaɓo mini wannan, in sa masa albarka?"

Na gyara zama, na buɗe baki. Yaya ya riga ni.

"Wani malami ne a Hunkuyi, Inna. Wanda ya ƙi sayar mana da tasa."

Tun daga ranar take sa shi a addu'a, mutumin da ba ta taɓa gani ba. Ni kuma na koyi darasina: in mai kaya ya ce kayansa na da aibi, in rufe bakina in yarda. Ya fi ni daɗewa a cikin motar.