Yadda Za Ka Ambaci Rusasshen Kwalbati a Majalisa Ba a Dakatar da Kai Ba

Kai kansilan adawa, matso kusa. Tsarin mulki ya ba ka 'yancin magana, dokar zaure kuma ta ba Kakaki guduma. In ka bi matakan nan, na yi maka alkawari za ka faɗi abin da ke ranka, ka koma gida da kujerarka. An gwada su a kan Onarabul Mode, ɗan adawa tilo a wata majalisar kansiloli da ba zan ambata ba. Ruwa ya cinye kwalbatin da ke fitar da albasar mazaɓarsa, can wajen Kajiji, zuwa kasuwar Bodinga. Albasa na ruɓewa a rumfuna, manoma kuma sun mai da ƙofar gidansa wurin hira.

Mataki na 1: Rage gaisuwa

Lokacin da ake ba ɗan adawa bai kai na shan kofin shayi ba. Zaman farko Mode ya miƙe, ya gai da Kakaki Maniru, ya gai da mataimakinsa, ya tambayi iyali da gajiyar hanya, ya yi wa magabata addu'a. Yana cewa "To, zancen kwalbati," guduma ta sauka. Ladabi abu ne mai kyau, shi ya sa masu rinjaye suke so ka yawaita shi.

Mataki na 2: San kalmomin da ba su da tarbiyya

"Ƙarya" haramun ce a zaure. "Sata" ma haka. Mode ya kauce musu duka, ya ce kawai kwalbati ya rushe. Nan take Onarabul Bashar, jagoran masu rinjaye, ya zabura.

"Ranka shi daɗe, wanga ɓatanci na ga gwamnati! Aikinmu ba shi rushewa."

"To mi yay yi?" in ji Mode.

"Shina jiran kulawa."

Koyi wannan harshe. A zaure gada ba ta karyewa, asibiti ba ya rasa magani. Kowa jiran kulawa yake.

Mataki na 3: Janye magana da ƙarfi

In an ce ka janye, kada ka yi gardama. Mode ya gyara hula ya ce: "Na janye cewa kwalbati ya rushe. Na janye cewa ɗan kabu-kabu ya hwaɗa ciki da buhu biyu. Na janye albasar da ta ruɓe." Masana sun tabbatar da cewa maganar da aka janye ta fi wadda aka bari nisan tafiya. Sai dai Kakaki ya gargaɗe shi: ya ƙara ko da tari ne a kan kwalbatin nan, dakatarwa ce har bayan damina.

Mataki na 4: Binciki dangi

Nan ne asirin. Mode ya tuna abin da siyasa ta mantar da shi: mahaifiyar Kakaki, Goggo Hasiya, ƙanwar mahaifin Mode ce. Su taubasai ne, masu ikon zagin juna a gaban kowa, kuma wanda ya yi fushi shi ya faɗi.

Zama na gaba ya miƙe a natse. "Ranka shi daɗe, ba da Kakaki nike ba. Da bawana Maniru nike. Kai Maniru, raggon da ba shi iya gyara kwalbati guda, tumbi kamar randar Goggo!"

Maniru ya ɗaga guduma, ya riƙe ta a sama. In ya buga, kafin la'asar labari ya kai garinsu Shagari cewa ya kori taubashinsa don wasa, Goggo Hasiya kuma ba ta duba dokar zaure kafin ta yi faɗa. In ya rama, ya taka dokar da yake tsaro.

Ya ajiye guduma.

"Ni ab bawanka? Kai da an nuna ma kura kana kuka! Wallahi sai na gyara kwalbatin ga, in ga da mi za ka ƙara cika muna kunne."

Bashar ya miƙe zai kawo ƙorafi, ya rasa wa zai kai ƙara wurin wa, ya zauna.

Mataki na 5: Shirya wa nasara

Tifa ta kawo tsakuwa, magina suka zo, albasar da ta rage ta isa Bodinga. Aka kafa allo a gefen hanya da hoton Maniru yana murmushi. Manoma suka kwashe tabarminsu daga ƙofar Mode, suka tafi yi wa Kakaki godiya. Mode yana nan a kujerarsa, an ma ƙara masa lokacin magana. Yanzu gaisuwa yake yi da lokacin.

Gargaɗi

Kafin ka kira Kakakinku bawa, je ka tambayi tsofaffin gidanku ko da gaske akwai zumunci. In babu, duk abin da ya biyo baya tsakaninka ne da guduma. Ni ban san ka ba, kuma na janye duk abin da na rubuta.