Yadda Ake Zaman Bitar Waya Cikin Ladabi, Ko Da Tarwaɗa Na Mutuwa

Idan ka bi matakan nan bakwai sau da ƙafa, na yi maka alkawari za ka shiga kowane taron bita na wayar tarho ka fito da mutuncinka cif, ba mai cewa ba a koya maka ladabi a gida ba. Ni da kake ji na zauna irin wannan bita sau talatin da ɗaya, kuma har yau ba a taɓa kama ni da katse wa wani magana ba.

Misalina shi ne maƙwabcina Pak Wagiran, mai kiwon tarwaɗa a ƙauyenmu da ke gefen garin Boyolali. A wajenmu Pak ake ce wa magidanci, Bu uwargida, Mas matashi, Mbah kuma dattijo. Ranar da zan ba ka labarinta, kifinsa dubu uku sun kwana uku suna tsaye cirko-cirko a saman ruwa, kai sama jela ƙasa, kullum da safe sai an kwashe matattu. Tafkin nan da shi gidansa ke ci. Sai ga ƙungiyar masu kiwo ta shirya bita ta awa ɗaya da wata likitar kifi daga birni, Dokta Wulan. Tambaya ɗaya tak gare shi. Ka zuba ido ka ga yadda mai ladabi ke riƙon tambaya.

Mataki na 1: Ci ado

Ba wanda zai gan ka, shi ya sa adon ya zama dole. Pak Wagiran ya yi wanka, ya ɗauko rigar batik mai zane-zanen nan da yake zuwa ɗaurin aure da ita, ya kafa hula, ya zauna a baranda ya miƙe baya tun saura rabin awa.

Matarsa Bu Tuminah ta leƙo daga kicin. "Pak, waya ce fa. Ko da zanen wanka ka zauna ba mai sani."

"Ni na sani ai, Bu."

Rubuta wannan ka ajiye: murya tana sanin rigar da ke jikin mai ita.

Mataki na 2: Shiga, ka gai da kowa da sunansa

Tsarin ba wuya. Ka kira lambar da aka ba ka, wata murya ta ce ka danna lambobin shiga, ka ji ƙit, sai ga ka cikin ɗaki marar bango, mutum arba'in suna numfashi. Kada ka laɓe kamar ɓarawo. Yi sallama, ka faɗi sunanka da ƙauyenku, ka tambayi kowa iyali da ruwan sama.

Duk wanda ya shigo bayanka akwai ƙarar da ke sanarwa. Da jin ta, a koma farkon gaisuwa, don bai kamata ya ji an bar shi a baya ba. Mas Gunadi, sakataren ƙungiya kuma jagoran taron, ya yi gyaran murya sau tara kafin ya samu damar magana. Minti ashirin sun tafi a nan, kuma ban ga asara a ciki ba.

Idan ka ji muryar dattijo, rusuna. Da Mbah Sastro, tsoho ɗan shekara tamanin da ya fara haƙa tafki a yankinmu, ya yi tari, Pak Wagiran ya sunkuya da sauri har goshinsa ya bugi tebur. Mbah bai gani ba, amma na tabbata ya ji a jikinsa.

Mataki na 3: Rufe bakin wayarka, ka tabbatar

Jagora zai ce kowa ya danna tauraro da shida don wayarsa ta yi shiru. Malalaci yakan danna sau ɗaya. Mai kula, irin Pak Wagiran, sau biyu yake dannawa don tabbatarwa, kamar yadda ake komawa a girgiza kwaɗon ƙofa. Masu ƙaramin ilimi za su ce maka dannawa ta biyu buɗewa take yi. Ƙyale su.

Dokta Wulan ta fara bayani. Mutum arba'in suka saurare ta tare da kurɓar shayin Pak Wagiran, da taunar soyayyen rogonsa, da "haka ne, haka ne" da yake sakawa bayan kowace jimla, da kurciyarsa ta keji da ta ga ranar nuna kanta ta zo.

Mas Gunadi mutumin kirki ne, ba zai kama sunan babba a bainar jama'a ba. Sai ya ce a hankali, "A gafarce ni, kurciyar wani bawan Allah a cikinmu tana da murya mai daɗi ƙwarai."

Pak Wagiran ya washe baki ya dubi kejin, zuciyarsa fari ƙal. Ko tambayar kansa bai yi ba ta yaya aka ji ta. Mbah Sastro ya ce yana son sanin me ake ba ta. Daga nan Mas Gunadi ya rufe bakin kowa daga wajensa, shiru ya sauka, Pak Wagiran ya ƙara gamsuwa da dabararsa.

Mataki na 4: In an zo tambayoyi, ja da baya

Nan ake gane ɗan gidan mutunci. Saura minti goma sha biyar aka buɗe layi, aka ce mai tambaya ya yi. Daga inda yake zaune Pak Wagiran yana hango wata tarwaɗa ta juya ciki sama. Ya buɗe baki, wani ma ya buɗe.

"Bismilla, Pak."

"A'a, kai ne gaba, Pak."

"Haba, ina ni ina shiga gabanka."

Suka yi ta miƙa wa juna har wani na uku ya ce ai Mbah na nan. Mbah Sastro ba shi da tambaya, amma ba a miƙa wa dattijo magana ya mayar. Ya ba da labarin ambaliyar da aka yi yana saurayi, da tarwaɗar da ya kama a cikin masallaci. Pak Wagiran ya san labarin kamar sunansa, ya yi dariya a duk wuraren da aka saba yi, gumi na bin bayan batik.

Mataki na 5: Fara da neman gafara

Saura minti biyu Mas Gunadi ya ce, "Pak Wagiran, minti ɗaya naka ne."

Kada ka kuskura ka faɗa kan tambaya kai tsaye kamar mai sayen gishiri. Ga yadda gwani ya yi. Ya gode wa Allah. Ya gode wa Dokta da ta bar ayyukanta, da Mbah, da shugabannin ƙungiya ɗaya bayan ɗaya. Ya nemi gafara don shi ba mai ilimi ba ne, ya nemi gafara idan tambayar ta yi ƙanƙanta, ya nemi gafara tun yanzu kan duk kalmar da za ta fito ba daidai ba.

"Abin da nake so in ɗan tambaya, in ba damuwa, shi ne..."

"Mun gode ƙwarai, Pak, lokaci ya cika. A taimaka a rufe waya, Dokta za ta yi jawabin rufewa."

"Ni ne da godiya, Mas."

Ya danna tauraro da shida, sau biyu. Ya zauna yana kallon tafkin, kuma da na hango shi ta katanga gaskiya tausayi ya ba ni, don idonsa ya kawo ruwa. Amma ko kalma ɗaya tasa ba ta saɓa wa ladabi ba.

Mataki na 6: Nisanta waya daga matar gida

A nan kaɗai ya yi sakaci, kuma ina faɗa ne don ya zama darasi. Bu Tuminah ta fito da bokiti a hannu.

"Me likitar ta ce?"

"Ban samu na tambaya ba, Bu. Lokaci."

"Awa guda kana gyaɗa wa waya kai? Kifi dubu uku sun tsaya a saman ruwa tun ruwan sama na ranar Litinin, ruwan ya yi wari, yau sha bakwai na kwashe, kai kuma sai ƙara musu abinci kake wai kada su ji yunwa. Da bakin da ka gode wa mutum goma sha biyu, ba za ka iya cewa kifina na mutuwa ba? To mu ci godiya a watan gobe."

Ashe layin a buɗe yake. Sai wata murya ta fito daga wayar, a natse.

"Bu, Wulan ce. Ki hana shi ba su abinci kwana biyu. Ki zuƙe kashi ɗaya cikin uku na ruwan daga ƙasa, ki zuba sabo, ki watsa gishiri mai tsaki-tsaki. Yau ɗin nan, kada ki jira gobe."

"To," in ji Bu Tuminah. Ba godiya, ba neman gafara, ko sunanta ba ta faɗa ba. Ta ɗauki bokiti ta nufi tafki. Ni da nake kan layin daga gidana sai da na rufe fuska don kunya.

Mataki na 7: Kada ka riga babba ajiye waya

Ba a tashi daga taro ba sallama, kuma yaro ba ya juya wa dattijo baya. Aka yi ta ban kwana ana raguwa har layin ya rage mutum biyu, Pak Wagiran da Mbah Sastro.

"Mbah, a fara ajiyewa."

"Kai dai ajiye, ɗana, kana da aiki."

"Wane ni."

Bu Tuminah na jan tiyo ita kaɗai cikin rana, shi yana baranda yana rusunawa. Bayan minti arba'in batirinsa ya mutu. Hankalinsa ya tashi, don ya kashe wa dattijo waya. Washegari ya sake sa batik ya hau babur zuwa ƙauyen Mbah neman gafara. Ya tarar ba ya nan. Jikarsa ta ce tun safe ya tafi gidan Pak Wagiran, wai batirinsa ya mutu jiya yana tsakiyar magana da mutum.

Sanarwa

Mai wannan rubutu alkawarin mutunci ya yi, bai yi na kifi ba. Duk abin da ya mutu, ya ruɓe ko ya juya ciki sama sanadiyyar bin matakan nan, tsakanin mai shi ne da tafkinsa, kada a zo mini ƙofar gida. Kifin Pak Wagiran sun rayu, amma ta hanyar da ban yarda da ita ba, kuma yanzu Mas Gunadi lambar Bu Tuminah yake tura wa gayyata. Ni kuwa da ban taɓa karya mataki ko ɗaya ba cikin bita talatin da ɗaya, kowa a Boyolali zai shaide ni da ladabi. Tafkina na shuka alayyafo a ciki tun bara. In ana sha'awar tarwaɗa a gidana, wajen Bu Tuminah ake saya.