Alhaji Totur Ya Shiga Yashi

Allah ya yi wa Hausawan Dubai gata da ya ba su Alhaji Sharfuddeen, wanda matasa ke kira Alhaji Totur idan ya ba da baya. Wasu sai sun je gidan tarihi suke ganin kayan da. Mu namu da ƙafarsa yake zuwa, ya ci shinkafa, ya nemi ƙari. Sana'arsa tura kwantenar tayoyi zuwa Kano daga wani sito a Al Quoz, amma wannan ta neman abinci ce kawai. Babban aikinsa shi ne tuna wa jama'a cewa shi ya kawo tseren mota ƙasar Hausa.

"Habibi, ku yara ne," haka yake farawa. "Lokacin da muka soma, babu kwalta, babu hular kwano. Fili muka samu a bayan gari, jar ƙasa zalla, muka jera gangunan mai muka yi zobe. Tankar ruwa ta yayyafa, sai mu saki Fijo. Ni ne a gaba. Na bayana har yau ba su san kalar motata ba, ƙurata kawai suka gani."

Labari ne mai albarka, don kullum ƙaruwa yake. Da azumi motoci huɗu ne suka yi tseren farko. Da ƙaramar sallah sun zama goma sha biyu. Kafin layya sun kai arba'in, har wani matuƙin jirgin sama ya yi ƙasa-ƙasa don ya kalla. Ya ce a shekarar da aka canja hannun tuƙi a Najeriya aka yi. Matar da ke cike masa takardun biza ta lissafa, ta ce a shekarar Alhaji yana da shekara uku. To, wani da baiwarsa ake haifarsa. A Dubai kuwa ba a taɓa ganinsa riƙe da sitiyari ba, jirgin ƙasa yake hawa. Ya ce titin da aka cika da kyamara bai cancanci ƙafarsa ba.

Sai ga matasanmu ma'aikata, masu zuwa sahara ranar hutu suna zagaye da motoci, sun kama ɗaki sun kafa ƙungiya. Suka ce hoto ɗaya tak za su rataya a bango, na uban tsere. Tun da Alhaji ya ji haka ya daina cin abinci da daɗi. Ya aika musu da katon ɗin ruwa, ya bi da dabino. Shugabansu Fahad, injiniya ne mai kunya, ya ce ba komai: ranar buɗewa Alhaji ya yi zagaye ɗaya, mai hoto ya ɗauke shi yana tsallake layi, shi ke nan.

Alhaji ya je Bur Dubai wani tela ya ɗinka masa jar riga haɗe da wando, irin ta 'yan tsere. Telan bai yi shawara da tumbin ba.

Ranar Asabar da la'asar aka hallara, mata da tabarmi, maza da gashin nama. Fahad ya kawo jif ɗinsa. Alhaji ya iso ya tarar da samari a tsugunne suna sace iskar tayoyin, yadda kowa ke yi kafin ya shiga yashi. Ya sa takalmi ya shuri ɗaya, ya ji ta lotsa.

"Innalillahi! Shekara talatin ina harkar taya, a gabana za a yi wannan ɓarnar? A Kano ko mai kura ba ya fita da taya haka. Ku buga mata iska!"

"Baba Alhaji, nan yashi ne, ba burji ba," in ji Fahad. "Mai laushin ita ke bin samansa."

"Khalas, ya isa! Ina tuƙi ba a haifi babanka ba."

Yaran kirki ba sa musu da babba. Aka buga iska har tayoyin suka yi tauri kamar kwakwa. Alhaji ya ƙwanƙwasa kowace da zobensa, ya gyaɗa kai, ya shiga.

Aka ɗaga tuta. Wallahi ya tashi da kyau, ba zan ci haƙƙinsa ba, ya yi kamar taku ashirin. Daga nan motar ta tsaya, tayoyin ba su tsaya ba. Alhaji ya danne totur. Yashi ya tashi ya sauka a kan nama, a kan shayi, a kan rawanin liman. Ya ƙara dannewa. Motar ta riƙa sauka a hankali kamar raƙumi zai durƙusa, har ƙofa ta ƙi buɗuwa. Ta taga aka zaro uban tsere, mutum biyu suna ja, ɗinkin tela yana amsawa.

Ya karkaɗe jiki ya dubi jama'a. "Wannan yashin ba shi da tarbiyya. Ƙasar Kano ta san manya."

Sai Halimatus Sa'adiya ta taso, wata nas da ke zaune a Al Nahda. "Sannu Baba. Riƙe min jakar nan." Ta tsugunna da makulli ta sace iskar tayoyin, maza suka yashe gindin motar. Ta shiga, ta yi gaba kaɗan, ta yi baya kaɗan, motar ta fito. Ta zagaye filin nan mayafinta na kaɗawa, ta tsallake layi. Mai hoto ya danna.

Hoton yana bangon ƙungiya yanzu. Alhaji ma yana ciki, can a gefe, baki buɗe, da jakar mata mai ruwan hoda a kafaɗa. Duk baƙon da ya shigo sai ya ja shi gaban hoton ya ce ga ɗalibarsa nan, shi ya koya mata. Na sa an karanta min abin da aka rubuta a ƙasa da Larabci. An ce: "Halimatus Sa'adiya, tare da wani bawan Allah."