Sai Suka Yi Sallama

Ku da kuke ta musu a kan littattafan nan na zamani, ku tsaya in ba ku labarin aminiyata Tasalla ta bayan kasuwar Gumel. Tare muka shiga ajin yaƙi da jahilci, wata uku ta yi ta gudu, amma babu mai son labari kamarta. Da ciwon suga ya taɓa mata ido ta ajiye ɗinkin hula, sai zaman ya yi mata yawa. Matar ɗanta, Bara'atu, yarinya mai hankali da ta gama sakandare, ita ta ji tausayinta. Kullum bayan la'asar sai ta aro littafi a maƙwabta, ta zauna can bakin tabarma yadda ake zama gaban suruka, ta karanta mata.

To, kun san littattafan yanzu, kun kuma san kunya. Duk inda aka shigar da saurayi da budurwa mota aka ɗaga gilashi, ko aka raka ango ɗakin amarya, sai Bara'atu ta yi gyaran murya, ta haɗa shafi biyar ko shida ta juye, ta ce, "Sai suka yi sallama." Ta ɗora daga inda gari ya waye. Shekara guda cur ana haka, Tasalla ba ta sani ba.

Nan fa Tasalla ta zama alƙaliyar littattafai. In na je gaishe ta, ko ruwa ban sha ba za ta fara.

"Ke, ni mutanen littafin nan sun ishe ni. Kowa ɗan Alhaji ne, kowa likita ne da ya dawo daga Turai. Ba mai daka, ba mai zuwa rijiya. Yarinya dole fara ce mai wushirya, gashi har gadon baya, ko amosani babu. A yi mata magana ta suma, sai asibiti. Shafi uku ana jera mini kaji a tebur, ni da ko ƙashi ba za a miƙo mini ba. Duk wannan na yafe. Abin da yake ci mini rai shi ne sallamar nan. A sha wuya littafi na ɗaya da na biyu kafin a ɗaura aure, a kai amarya, ina gyara zama, sai su yi sallama! Ango da amarya, ina za su? Can kuma ki ji tana amai, wai ciki ne."

Ana nan sai aka yi suna a gidan da ke jikin nasu. Tsakar gida ta cika da mata, har da matar liman da mahaifiyar Bara'atu. Cikin baƙin Kano akwai wata 'yar gayu mai farin tabarau, 'yar wan maigidan. Sai ga raɗa tana yawo: ai ita ce ta rubuta littafin da ake karanta wa Tasalla a satin. Gwaggonta, Hajiya Dudu, sai nuna ta take yi tana washe baki.

Tasalla ta ce a kira mata ita. Ta zo ta durƙusa ta gaishe ta.

"Sannu 'yar nan. Ke ce mai littafin likitan nan da yarinya mai awara?"

"Ni ce, Hajiya. Ya kika ji shi?"

"Da daɗi, ban hana ki ba. Amma kina da rowa. Kin sa na yi azumi wuni guda, da aka kira magariba kika ɗauke kwanon. Daren da aka kai amarya, me ya sa suka yi sallama?"

Marubuciyar ta cire tabarau. "Sallama kuma? Haba Hajiya! Shafi bakwai na yi a wurin nan da hannuna. Shi ne ma inda aka fi yabona, har waya ake yi mini. Wa yake karanta miki?"

"Matar ɗana."

"To gaskiya ko dai ba ta iya karatu ba, ko kuma ha'intarki take yi. Irinsu ne suke ɓata mana suna, a ce rubutunmu ba kai ba gindi."

 Bara'atu tana tsaye da farantin masa a hannu, duk ido ya koma kanta. Ta sunkuyar da kai, na ga hawaye yana ɗiga a bakin farantin. An kira ta maha'inciya gaban uwarta da dangin mijinta, kuma ba ta da bakin da za ta faɗi dalili. Wata daga baya har ta fara cewa, "Ashe sakandaren ta banza ce."

Na dubi Tasalla. Idonta ne ya raunana, kanta lafiya lau. Ta murza carbinta, na san ta gane komai. Ko juyawa wajen yarinyar ba ta yi ba.

"Af!" in ji ta. "Ashe cutata ake yi shekara guda. To Allah ya kawo ki. Kina da shi a jaka?"

"Ina da shi."

"Buɗe wurin ki biya mini abin da aka hana ni. Mata, ku yi mana shiru. Dudu, matso kusa ki ji basirar 'yarki. Ke kuma ɗaga murya, kunnena na hagu ba ya ji sosai."

Hajiya Dudu ta jawo kujera. Matar liman ta gyara mayafi. Marubuciyar ta buɗe littafi da ƙarfinta, ta fara: "A hankali ya tura ƙofar, ƙamshin turarenta ya doki hancinsa, ya matso ya..."

Sai ta tsaya. Ta dubi gwaggonta, ta dubi matar liman. Ta yi tari. Aka ba ta zoɓo ta sha. Ta juya shafi, ta leƙa, ta yi maza ta juya na gaba. Gumi ya fara wanke mata hoda.

"Muna ji," in ji Tasalla. "Ya matso ya me?"

"Hajiya, wannan wurin ai ba na karantawa a fili ba ne. A zuci ake karanta shi, mutum shi kaɗai."

Tasalla ta lalubo hannunta ta riƙe, ta ɗan bubbuga shi.

"Allah sarki, 'yar nan. Ke da kika haifi abin kin kasa goya shi gaban gwaggonki, shi ne kike so 'yar mutane ta goya miki shi gaban uwar mijinta?"