Jalo Na Waje, Muryarsa Na Ciki

Jiya na ci ado na tafi wata ma'aikata taron ƙaddamar da shirin samar wa matasa aikin zamani, don an ce akwai shinkafa. Shinkafar ba ta iso layinmu ba, amma kallo kam na sha.

A bakin ƙofa na tarar da maƙwabcina Jalo, sanƙiran da ya tsufa yana yi wa manyan ma'aikatar nan kirari. Da maƙogwaron nan yake ciyar da gidansa a Ƙofar Wambai. Ga shi tsaye, an hana shi shiga.

"Jalo, lafiya?"

"Ina fa lafiya, Malam! Wai na'ura suka sayo mai kirari. Ba ta gajiya, ba a yi mata liƙi."

Madalla da hangen nesan manyanmu! Taron samar da aiki, an buɗe shi da sallamar mutum.

Ranka Ya Daɗe Sabon Shugaba yana shigowa, na'ura ta ɗauka. Sai dai tun watan jiya aka ɗura mata sunaye, tsohon shugaba kuwa makon jiya aka tsige shi. Haka ta yi ta zuba wa korarre kirari a gaban magajinsa: ba a taɓa yin irinsa ba, ba kuma za a sake ba! Micah mai kula da kayan sauti ya danna nan ya danna can, ya jiƙe sharkaf da gumi, daga ƙarshe ya fizge waya daga bango.

Sai ga ma'aikata a guje: "Ina Jalo? A shigo da Jalo!"

Wallahi ya yi aiki. Ya wasa Sabon Shugaba har sai da ya yi murmushi. A keke napep muna komawa gida, Jalo har da cewa zai ɗinka sabuwar riga, tunda aiki ya dawo.

Da safen nan ya koma. Mai gadi ya ce an gode, ba a buƙatarsa. Ashe jiya yana kirari ana naɗar muryarsa bisa umarnin manya, an ɗura wa na'ura. Yana tsaye a titi yana jin kansa a ciki yana aiki. Da ya ba ni labari, dariya ta gagare ni, tausayi ya kama ni.

Ni dai duk ranar da kuka ga shafin nan nawa na jarida ya fara yabon manya, ku zo gida ku duba ni. Ba ni ba ne.