Gashin Zabo a Ƙofar Ɗakina

Ku matso kusa, 'ya'yana, ku ara mini kunne. Wannan ba tatsuniya ba ce. Babu kura a cikinta, babu zomo, sai wata mata mai cikakken hankali da ta kunyata kanta da hannunta, matar kuwa ni ce.

Ba zan taɓa mantawa da Kirsimetin shekarar da ƙarfe ya faɗo wa maigidana a hannu ba. Fita ne, wato makaniki, a Magazin, unguwar masu gyaran mota, manyan motoci yake gyarawa, sai ga shi wata uku a gida da hannu a rataye. Muna haya a unguwar Asawase, gida mai ɗaki goma sha biyu, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, mu kaɗai ne Kirista a ciki. Amma ba mu taɓa jin mu bare ne ba. In Sallar layya ta zo, Hajiya Memuna, matar mai gidan, cinyar rago guda take aiko mini. In Buronya ta zo (haka Asante ke kiran Kirsimeti, mu ma muka ɗauka), ni ce mai ciyar da gida. Ƙa'ida ɗaya ce tsakaninmu: duk kazar da za ta shiga tukunyata, Malam Isaka na ɗakin bakin ƙofa ne zai yanka ta da bisimillarsa, domin maƙwabta su ci da kwanciyar rai. Shekara goma sha huɗu muna haka. 'Ya'yan Hajiya a tabarmata suke cin shinkafar Buronya, hannunsu da na 'yata Lamisi a kwano ɗaya.

Kowace shekara kaji huɗu nake kai wa Malam, wani lokaci har da zabo. A wannan shekara ɗaya na samu, baƙa, ramammiya, wadda in ka ɗaga ta sai ka ji tausayin wuƙa.

Ga abin da ya fi ci mini rai. Lahadin da ta gabata, a taron matan coci, ni aka tsayar in gargaɗi ƙananan iyaye mata a kan wadar zuci. Ban iya karatu ba, amma baki ina da shi. Na ce musu abincin yau muke roƙon Ubangiji, ba na gobe ba, kuma uwa mai godiya ko gishiri ta kaɗa a ruwa 'ya'yanta za su ƙoshi. Har wata ta yi hawaye. Matar fasto ta rungume ni. Kwana huɗu ne kacal tsakanin wannan wa'azi da abin da na aikata.

A gidan haya ba a tambayar abin da kika dafa, kwandon shararki ne ke faɗa. Duk wadda za ta je famfo ta ƙofata take bi. Na yi ta hango gashin kaza ɗaya tilo a gindin kwando, da idanun matan gida a kansa, har abinci ya daina yi mini daɗi. Ranar jajibiri na tafi kasuwa wajen masu fige kaji, na ce da wani ya ba ni gashi zan yi matashin kai. Bawan Allah ya cika mini leda: fari, ja, har da na zabo mai ɗigo-ɗigo. Na tura ta ƙarƙashin gado. Maigidana bai sani ba, yarana ba su sani ba.

Da safe Malam ya yanka baƙar kazata, yana goge wuƙa ya ce, "Bana ɗaya ce, Mma Lamisi?"

Na ce, "Fara da wannan tukuna, Malam." (Ku lura, ban yi ƙarya ba, share mata hanya kawai nake yi.)

Na fige ta a bayan labule, na gauraya gashinta da na ledar, na zuba a kwandon shara, na ajiye kwandon inda makaho ma sai ya yi tuntuɓe da shi. Kazar na yayyanka ta ƙanana kamar tururuwa za a raba wa, na soya wagashi, wato cukun nono, da ƙwai na cika miya. Muka je coci, na rera waƙa da ƙarfi fiye da kowa, muka dawo. Na zuba kwano goma sha ɗaya, Lamisi ta rarraba ɗaki-ɗaki. Na zauna a ƙofa da zanen cocina ina jiran godiya.

Shiru. Ƙaramin ɗan Hajiya ya taho da gudu kamar yadda ya saba, sai na ji an kira shi daga ciki, "Dawo nan, ai ka ci abinci." Na ɗaga ido na ga kwanukana a jere kan tagogi, ko murfi ba a ɗaga ba. Sai ga Lamisi, shekararta goma sha biyu lokacin, ta zo tana share ido da bakin riga.

"Mma, Rukaya ta ce yau ba za ta ci da ni ba. Me muka yi musu?"

Rukaya 'yar Hajiya ce, tare suka yi rarrafe da Lamisi. Kafin in sami amsa, Hajiya ta yi sallama, Malam Isaka yana bayanta da carbinsa.

"Mma Lamisi, barka da Buronya. Magana ce ƙarama, kada ki ji haushi. Malam ya ce baƙa ɗaya ya yanka. To a kwandonki mun ga farin gashi, mun ga ja, mun ga na zabo. Wa ya yanka sauran?"

'Ya'yana, na yi tunanin idon da zai ƙirga gashi, ban yi tunanin bakin da zai tambayi wuƙa ba.

Na ce, "A kasuwa aka yanka, Hajiya."

Malam ya ce, "Madalla. Wanene a cikinsu? Duk na san su. In na san mai wuƙar, magana ta ƙare."

Ina laluben suna a kaina sai labule ya ɗaga, maigidana ya fito da hannunsa a rataye.

"Zabo? Akwai zabo a ɗakin nan? Uwar Lamisi, tun ɗazu wuyan kaza nake tsotsa, ashe zabo na kwance a wani wuri! Malam, kada a dube ni. Ni da hannu ɗaya, ko sauro ban yanka ba."

Matan gida sun riga sun fito, wata da tsintsiya, wata da goyo. Yanzu dole in zama ɗaya cikin uku: matar da ta ɓoye wa mijinta majinyaci nama, ko maƙwabciyar da ta zuba wa mutane abin da addininsu ya hana su, ko kuwa abin da nake da gaske. Na dubi Lamisi. Na gane in na riƙe ƙaryar nan, hannunta da na Rukaya ba zai ƙara haɗuwa a kwano ba, kuma ba za ta taɓa sanin dalili ba.

Na shiga ɗaki, na jawo ledar da sauran gashin, na ajiye a tsakar gida, na ce:

"Babu zabo. Babu fara, babu ja. Gashin kawai na roƙo a kasuwa. Kaza ɗaya gare ni, kunya ta hana ni bari ku gani."

Har famfo ana jin ɗigarsa. Hajiya ta sa aka sauko da kwanukan, ta karɓi ludayi, ta bi su ɗaya bayan ɗaya har tukunya. Ƙafa biyu. Fiffike biyu. Ƙundu ɗaya.

"Malam, shaida ta cika. Kazarka ce."

Malam ya shafa gemu ya ce, "Na ga mai satar kaza ya ɓoye gashi. Mai tara gashi babu kaza, yau na fara gani."

Gidan ya fashe da dariya. Mai goyo sai da ta dafa bango. Ni kuwa da ƙasa ta tsage da na gode mata. Hajiya ta kama hannuna ta ce, "Ke dai kin ban mamaki paa, ƙwarai kuwa. Wata uku muna kallon hannun mijinki, kin zaci ba mu da ido? Ko ruwan zafi kika aiko, da mun sha mun sa albarka." Ta zauna a tabarmata, ita da ba ta cin abinci a gaban mutane, ta yi bisimilla, ta kai loma ta farko. Sannan ta ce, "Rukaya, wanke hannu."

Da yamma da muka durƙusa addu'ar iyali, maigidana ya gode wa Ubangiji saboda kaza ɗaya da ta ciyar da ɗaki goma sha biyu. Sai ya ƙara da murya mai nauyi, "Mun kuma gode saboda zabon da bai zo ba." Yara suka kifa kai a tabarma, kafaɗunsu na rawa. Ni ma na ce amin, yaya zan yi?

Lahadi na zagayowa na tashi da kaina na faɗa wa matan coci, kafin su ji a turoturo, motar haya. Abin da na koya shi ne wa'azin wadar zuci ba ya da wuya a baki, a ƙofar ɗaki ake gwada shi. Abin da Allah ya ba ni ya ishi gida duka. Abin da na ƙara da dabarata shi ya kusa hana a ci.

Maigidana hannunsa ya warke, ya koma Magazin har tsufa ya zaunar da shi. Malam Isaka ya rasu, ɗansa ne ke yi mini yanka yanzu. Lamisi tana ɗinki a unguwar Adum, 'ya'yanta uku, Rukaya ce ta riƙe mata ƙafa ranar haihuwar fari. Hajiya Memuna idonta ya dushe, ba ta fita, amma da ta ji takuna a ƙofa sai ta ce, "Mai Zabi, shigo." Ni kuwa har yau amsawa nake yi.

Nan na sauke kayana, wanda ya ga abin ɗauka ya ɗauka.